Yadda Ake Zaɓen Shamfu Ga Mai Siririn Gashi Mara Cika

Siririn gashi ba ya ɗaukar kaya. Man da mai kaurin gashi za ta shafa kanta ya shanye ya yi sheƙi, shi ne zai kwantar da na mai siririn gashi ya manne da fatar kai, har tsaga ta ƙara faɗi a ido. Sabulun da gashi mai ƙarfi zai jure kuwa, shi zai busar da siririn ya riƙa karyewa a bakin mataji. Saboda haka abin da ake nema abu biyu ne a kwalba ɗaya: ya fitar da dauɗa da maiƙo ba tare da ya ƙona gashin ba, sannan ya ɗauraye tas bai bar komai a kan sili ba.

A wasu wurare idan mace ta ce za ta sa shamfu, man miƙar da gashi take nufi. A nan sabulun ruwa na wanke kai muke nufi. Man miƙarwa za mu kira shi rilaza. Kuma tun daga farko a sani, babu shamfun da ke tsiro da sabon gashi ko ya ƙara wa sili kauri na dindindin. Abin da na kirki ke yi shi ne ya bar gashin da kike da shi ya tashi, ya rage karyewa.

Mataki na farko: ki gane siranta ce ko rashin cika

Ana yawan haɗa su, alhali ba ɗaya ba ne. Siranta magana ce ta kaurin sili guda. A yawancin mutane kaurin sili yana kamawa daga wajen milimita 0.05 zuwa 0.1, kuma gado ne. Rashin cika magana ce ta yawan silin da ke kai, wanda a mutum mai lafiya yake kusan dubu 100. Akwai mai siririn sili amma kanta cike, akwai mai kaurin sili amma fatar kanta na leƙowa.

Ki ɗauki sili ɗaya daga mataji ki murza tsakanin babban yatsa da manuniya. In da ƙyar kike jin sa, siriri ne. Ki shimfiɗa shi a farar takarda kusa da zaren ɗinki guda. Siririn gashi zai kusa ɓacewa kusa da zaren. Don gane cika, ki wanke kai ya bushe, kada ki shafa mai, ki tsaya gaban madubi a hasken rana. In kina hango fata ba tare da kin tsaga ba, cikar ta yi ƙasa.

Daga nan ki duba abin da ke faɗuwa. Silin da ya zube daga tushe dogo ne, da ɗan farin kai kamar ƙwayar gishiri a gindinsa. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wanda ya karye gajere ne, ba shi da wannan farin kan, kuma shi ne ake gani birjik a kafaɗar riga bayan taza. In karyewa ta fi yawa, canjin shamfu da salon wanki zai taimaka ƙwarai. In zuba ce daga tushe, maganar ta wuce kwalba, za mu zo kanta.

Mataki na biyu: fatar kai ce ke zaɓe

Fatar kai ake saya wa shamfu. Jelar gashi kuwa kwandishina ne nata, wato man laushin gashi da ake shafawa bayan shamfu a ɗauraye. Ki wanke kai, ki bar shi kwana biyu ba mai, sannan ki danna yatsa a tsakar kai ki duba. In yatsan ya fito da ƙyalli, fatar mai maiƙo ce, tana son shamfu mai ɗan ƙarfi, kuma a riƙa wanki kusa-kusa. In fatar tana ɗaurewa, tana fitar da farin gari mai laushi, musamman da hunturu, busasshiya ce, sai mai sauƙi.

Gashi mai murɗiya, irin na yawancinmu, yana da nasa hali. Maiƙon da fata ke fitarwa ba ya iya gangarowa ta lanƙwasar sili, sai ya taru a gindi, jela kuwa ta bushe ƙayau. Kowace lanƙwasa kuma wuri ne mai rauni. Shi ya sa mai siririn gashi mai murɗiya take ganin maiƙo da bushewa a kai ɗaya, ta rasa wanne za ta yi wa magani.

In ɓawon da ke fita manya ne, masu ɗan maiƙo ko rawaya-rawaya, ga ƙaiƙayi, wannan amosani ne, kuma ƙarin mai ba ya maganinsa, sau da yawa ma ƙara shi yake. Ki nemi shamfun da aka rubuta ketoconazole ko selenium sulfide ko piroctone olamine a jikinsa. Na ketoconazole ana wanke kai da shi sau biyu a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, a bar kumfar a fata minti 3 zuwa 5 kafin ɗauraya, sannan a koma sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Irin waɗannan suna busar da sili, don haka fata kaɗai ake sa wa, a bi jela da kwandishina.

Mataki na uku: ki juya kwalbar ki karanta bayanta

Gaban kwalba talla ne. Jerin sinadaran da ke baya shi ne abin dubawa, kuma ana jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sai dai na ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari waɗanda ake iya jerawa yadda aka so. Na farko kusan kullum ruwa ne. Biyar ko shida da ke biye su ne shamfun. In hoton zuma ko man argan ya cika gaban kwalba amma sunansa ya zo can ƙarshe bayan turare, ɗigo ne kawai aka sa. Sunayen da za mu kawo mun bar su yadda ake buga su, don ki gane su a kanti.

Ki fara da sinadarin wanki, wanda ke zuwa bayan ruwa. Sodium lauryl sulfate da ammonium lauryl sulfate su ne masu ƙarfi, suna kumfa sosai, suna kwashe maiƙo gaba ɗaya. Sodium laureth sulfate ɗan'uwansu ne amma ya fi su sauƙi; ki lura da bambancin lauryl da laureth. Masu taushi su ne cocamidopropyl betaine, decyl glucoside, coco glucoside da sodium cocoyl isethionate. Ga mai siririn gashi mai santsi da fata mai maiƙo, haɗin laureth da betaine ya dace. Ga mai murɗiya, ko mai rilaza, ko mai rini, masu taushin sun fi don wankin yau da kullum. Amma kada rubutun da ke cewa babu salfet, wato sinadaran nan masu sulfate a sunansu, ya ruɗe ki. Sodium C14-16 olefin sulfonate ba salfet ba ne, amma ƙarfinsa bai yi nisa da nasu ba. A ɗaya gefen kuma, wadda ke shafa basilin ko mai mai kauri kullum, shamfu mai taushi ba zai fitar mata da shi ba, sai ya taru mako bayan mako. Ita dole ta ajiye mai ƙarfi a gefe, ta yi amfani da shi sau ɗaya a mako uku ko huɗu.

Na biyu, abin da ke nauyaya gashi. Silikon shi ne kan gaba, kuma sunayensa suna ƙarewa da cone ko siloxane, kamar dimethicone. Yana lulluɓe sili ya ba shi santsi, ba guba ba ne, amma ruwa kaɗai ba ya wanke shi, kuma a kan siririn gashi yana taruwa har gashin ya kwanta lamo. In dimethicone ya zo cikin biyar na farko, ki mayar da kwalbar. Wanda aka sa wa PEG a gaban sunansa ya fi saurin fita da ruwa. Haka man kaɗe da man zurma da mineral oil: suna da amfaninsu a jela, amma ba a cikin shamfun mai siririn gashi ba. Shamfun da aka haɗa da kwandishina a kwalba ɗaya shi ma a bar shi, domin an yi shi ne ya bar wani abu a kan sili, har a gindi inda ba a so.

Na uku, abin da ke taimako. Panthenol yana riƙe laima ba tare da nauyi ba. Furotin da aka farfasa, wanda za ki ga an rubuta hydrolyzed kafin sunan shinkafa ko alkama ko keratin, yana cike ƴan gurabun jikin sili ya ba shi ɗan ƙarfi har zuwa wanki na gaba. Amma furotin in ya yi yawa gashi yakan yi tauri kamar tsintsiya. In kin ji haka, ki huta da shi na wanki biyu ko uku. Biotin da ake rubutawa da manyan baƙi kuwa, minti biyu yake yi a kai ya bi ruwa, kada ki ƙara kuɗi dominsa.

Na huɗu, ma'aunin pH. Awo ne daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa da ruwan toka. Fatar kai tana wajen 5.5. Jikin sili kuwa jere yake da ɓawo kamar kwanon rufi, ɗaya bisa ɗaya. Abin da ya yi ɓangaren kanwa yana kumbura silin ya ɗaga wannan ɓawon, sai gashi ya yi kaushi, ya sarƙe, ya karye wajen taza. Siririn sili, da yake cikinsa kaɗan ne, shi ya fi jin jiki. Ki nemi shamfun da aka rubuta 5.5 ko ƙasa da haka kaɗan. In ba a rubuta ba, ganin citric acid a jerin alama ce cewa an daidaita tsaminsa.

Wata dabarar ido: shamfun da ke garau ana hango ta cikinsa yakan fi sauƙin ɗauraya a kan mai kauri fari kamar madara. Ba doka ba ce, amma takan rage wahalar zaɓe. Kauri kuma ba inganci ba ne, domin da gishiri ake kaurara da yawa daga cikinsu.

Ruwan gidanku da maganar sabulun salo

Sau da yawa ana ɗora wa shamfu laifin ruwa. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu na ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da yawa. Za ki gane shi in sabulu ba ya kumfa da wuri, ko cikin butar dafa ruwa ya yi farin ɓawo. Wannan ma'adinin yana zama a jikin sili ya dusashe shi. Mai irin wannan ruwa ta nemi disodium EDTA ko tetrasodium EDTA a jerin, su ne ke kama ma'adinin su tafi da shi. Tafasa tana rage wani kaso, kuma ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi kowanne laushi ga gashi.

Sabulun salo abin alfahari ne, kuma yana wanki da kyau. Amma sabulu ne na gaske da aka dafa da ruwan toka, ma'auninsa yakan kai 9 ko 10, in kuma ya haɗu da ruwa mai ma'adini sai ya bar wani danƙo mai toka-toka a gashi. A ganinmu bai dace ya zama abin wankin siririn gashi na kowane mako ba. Wadda ba ta son rabuwa da shi, ta narka ɗan gutsure kamar ƙwayar dabino a kofin ruwan ɗumi, ta tace, ta wanke fata da ruwan, sannan ta ɗauraye da ruwan khal cokali ɗaya na cin abinci a rabin lita, ta bi da ruwa zalla. Sabulun wankin kaya, na gari ko na sanda, kada ya taɓa kai ko da wasa.

Wajen saye

Ki duba lambar rajistar NAFDAC in a Najeriya kike, da ranar lalacewa, da murfin ko an taɓa buɗe shi. Akwai ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 12M ko 24M a ciki, wato watannin da zai yi bayan an buɗe. Shamfun da ake ɗurawa daga jarka a roba ba suna ba jerin sinadarai, ba ki da hanyar sanin abin da ke ciki, kuma siririn gashi ba wurin gwaji ba ne. Ki fara da ƙaramar kwalba. In fatarki mai saurin ƙaiƙayi ce, ki guji mai ƙarfin ƙamshi da mai methylisothiazolinone, ki kuma shafa ɗan kaɗan a bayan kunne, ki wanke bayan minti biyar, ki jira kwana biyu ki gani.

Yadda ake wankin

Shamfu mai kyau a hannun mai gaggawa ɓarna yake yi. Ki fara warware gashin da yatsu tun kafin ruwa ya taɓa shi. In mai murɗiya ne ko mai tsawo, ki raba gida huɗu ki kitse kowanne sako-sako. In jelar ta bushe sosai, ki shafa mata man kwakwa cokalin shayi ɗaya, daga tsakiyar sili zuwa ƙarshe, minti 30 kafin wanki. Yana shiga cikin sili ya rage lahanin da ruwa da sabulu ke yi.

Ki jiƙa kan da ruwan ɗumi na minti guda cur, ɗumin da za a yi wa jariri wanka da shi. Ki zuba shamfu cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, a tafin hannu, ki ɗiga ruwa ki murza ya bazu. Kada ki zuba shi kai tsaye a tsakar kai, wurin ne zai sha duka. Ki sa a fata, ƙeya da bayan kunne da gefen goshi, ki cuɗa da naman yatsu, ba farce ba, minti ɗaya zuwa biyu. Kada ki tattara gashin a tsakar kai ki dirje shi kamar kayan wanki; nan sarƙewa take farawa, kuma jiƙaƙƙen sili ya fi busasshe rauni. Kumfar da ke gangarowa ta ishi jela. In kumfa ba ta tashi ba a karon farko, maiƙo ne ya yi yawa: ki ɗauraye, ki maimaita da rabin abin da kika sa.

Ɗauraya ta fi cuɗa daɗewa. Ki ci gaba har ruwan ya fita garau, ki ƙara kofi biyu a ƙeya inda kumfa ke maƙalewa. Sai kwandishina mara kauri, daga tsakiyar sili zuwa ƙasa, a bar tazarar yatsu uku daga fata, minti 2 zuwa 3, a taje da mataji mai manyan haƙora daga jela zuwa sama, a ɗauraye. Ki matse ruwan da tsohuwar riga ta auduga maimakon gogewa da tawul mai kaushi. Kada ki ɗaura ɗankwali ko ki sa hijabi sai gindin ya bushe, domin laima da ɗumi a rufe su ne abin da amosani ke so.

Mai santsin gashi da maiƙo za ta iya wanki duk kwana 2 ko 3. Mai murɗiya sau ɗaya a mako, da hunturu ma har kwana goma. Da bazara, gumi ƙarƙashin lulluɓi yakan sa a matso da shi. Wankan tsarki ruwa ne kawai yake bukata, ba sai an sa shamfu kowane karo ba.

Mai kitso da mai rilaza

Kai da kitso ana wanke shi. Ki haɗa shamfu kashi ɗaya da ruwa kashi uku a roba mai tsinin baki, ki bi tsaga-tsaga, ki danna da yatsa, ki ɗauraye sosai. Abin da ya rage a zubar, domin surkin ya raunana sinadarin da ke hana shi lalacewa. Ranar tsifa kuma kada dunƙulen gashin da ya fito ya tsorata ki: na mako huɗu da ya zube ya maƙale a kitso zai iya kai sili 1,400 zuwa 2,800. Abin kiyayewa shi ne a taje shi ya fita kafin a jiƙa kai. In aka zuba ruwa da shamfu a kansa, sai ya cuɗe da mai rai ya zama curin da almakashi kaɗai ke rabawa.

Rilaza ma'auninta yana kai 12 zuwa 14, kuma karya ƙarfin sili take yi kafin ya miƙe. Ranar da aka sa ta, shamfun kashe kaifinta da ke zuwa cikin kwalin shi ne wajibi, a maimaita sau uku ko fiye. Wasu kumfarsu tana yin ruwan hoda muddin da sauran man a kai, sai ta koma fari ake dainawa. Tsakanin sawa da sawa a bar mako 8 zuwa 12, kuma sabon tsiro kaɗai ake shafa wa.

Yadda za ki san ya karɓe ki

Ki ba shi wanki huɗu zuwa shida, kada ki canza wani abu tare da shi. In gashi ya kwanta yana danƙo washegari, ya yi nauyi ko ba a ɗauraye da kyau ba. In yana ƙara tsakanin yatsu lokacin ɗauraya, fata na ɗaurewa bayan ya bushe, ya yi ƙarfi. In ƙaiƙayi ko ƙuraje ko zafi suka biyo baya, ki daina a ranar. Wanda ya dace, gindin gashi zai ɗan tashi, mataji ya wuce ba gardama, gajerun guntaye su ragu a kafaɗa.

Inda sai likita

Zubar da ke farawa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa ta saba faruwa, kuma yawanci kai yana komawa daidai kafin yaro ya cika shekara. Irinta tana biyo bayan zazzaɓi mai tsanani ko tiyata ko rama ta farat ɗaya, bayan wata biyu ko uku. Ƙarancin sinadarin ayon, wato ƙarfe, a jini da matsalar maƙoƙo su ma suna zubar da gashi, kuma gwajin jini ne ke nuna su. Gefen goshi da ke ja da baya, musamman in ana ganin ƙananan ƙuraje bayan kitso, jan kitso ne. In aka sassauta da wuri yana dawowa, in aka daɗe saiwar takan mutu. Fili zagaye mai ɓawo a kan yaro, ko tsakar kai da ke yin sumul tana zafi, ko tsagar da ke ta faɗi wata shida a jere, a kai wa likitan fata. Maganin shafawa na minoxidil da ake sayarwa a kantin magani yana aiki ga wasu nau'o'in zuba, amma sai an yi watanni kafin a ga canji, in an daina zubar ta dawo, kuma mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi sai da izinin likita.